Hayar Ɗaki a Gidan Farfesan Indiyanci

Ƙofa ta tara ke nan muka ƙwanƙwasa a wannan yini, ni da dillalin da ya riga ya karɓe kuɗin ganin gida tun da safe. Watan Agusta ne na 2016, damina ta kankama a Delhi, ga wani irin gumi da ke manne wa mutum riga a gadon baya. Gidaje takwas ɗin farko duk labarin ɗaya ne. A waya ɗaki yana nan, amma da mai gida ya leƙo ya ga fuskata sai a ce ai jiya-jiyan nan wani ya kama. Ba zan daɗe a kan wannan ba, duk ɗan Afirkan da ya taɓa neman haya a can ya san zancen.

Wanda ya buɗe mana ta taran wani dattijo ne siriri, da farar riga har gwiwa, tabarau na rataye a wuyansa, ya sa yatsa ɗaya a tsakiyar littafi don kada shafi ya ɓace masa. Dillali ya fara kame-kame. Ni kuwa gajiya ta sa na yi ta maza, na juye masa Indiyancin da na tsinta a fim: ni ɗalibi ne, daga nesa na zo, ba ni da kowa a garin nan sai Allah, duniya ta juya mini baya. Dattijon ya ɗora tabarau a hanci, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wa ya koya maka magana kamar jarumin da aka kashe wa uwa?"

Kafin mu yi zancen kuɗi sai da ya yi mini gyara. Na kira shi da tum, wanda ake ce wa aboki ko ƙane. Babba aap ake ce masa, kamar yadda a gidajenmu na da ba a ce wa uba "kai" sai "ku". Akwai kuma tu, wanda ya ce in bar wa miyagun fim da masu ganawa da Ubangijinsu. Sharuɗɗansa uku ne: ba a shigo masa da nama, ba giya, ba hayaniya bayan ƙarfe goma na dare. Ya ba ni ɗakin da ke kan rufin bene, irin wanda suke kira barsati, wato ɗakin damina. Shekara uku na yi a cikinsa.

Ni mutumin Fagge ne. Ban riski zamanin da silima ke tashe sosai ba, amma kawuna ya riske shi, kuma bai taɓa warkewa ba. Shi ne ke ba mu labarin Plaza da Marhaba da Eldorado, da yadda za a kalli fim guda sau goma har mutum ya haddace maganganun. A kaset ɗinsa na bidiyo na koyi abin da nake tsammani Indiyanci ne. Abin da ya kai ni Indiya kuwa karatun kwamfuta ne, digiri na biyu, ba ruwana da wani adabi. Wata uku na yi a gidan ban san ko wane ne mai gidana ba, illa dai na lura littattafai sun cinye falon har sun fara hawa matakala, kuma duk yamma sai wasu magidanta masu furfura sun zo sun duƙa sun taɓa ƙafarsa suna ce masa Guruji.

Abin da ya haɗa mu shi ne daren 8 ga Nuwamba na 2016, da Firayim Minista Narendra Modi ya fito a talabijin ya ce daga tsakar dare takardun rupi 500 da 1000 sun daina aiki. Kuɗin hayata na wata biyu na cikin ambulan, duk 'yan ɗari biyar-biyar da dubu-dubu. Layin banki kuwa sai wanda ya gani. Na sauko ina ta ba shi haƙuri. Ya ce kuɗi su jira, amma ba ya ba da bashi babu jingina: kullum bayan la'asar zan sauko in zauna minti arba'in in koyi baƙaƙe. "Abin kunya ne," in ji shi, "mutum ya iya kuka da harshe amma bai iya karanta sunan tashar jirgin da zai sauka ba."

Haka na koma ɗan makarantar allo da gemuna. Rubutun Devanagari daga hagu yake tafiya zuwa dama, baƙaƙen na rataye a jikin layi guda daga sama kamar kayan da aka shanya a igiya. Abin da ya ba ni wuya shi ne sautukan da ake fesar da iska a bayansu, da waɗanda ake naɗe harshe zuwa ganɗa. Abin da ya ba shi mamaki kuwa shi ne yadda ban sha wahalar jinsi ba. A Hindi kowane suna ko dai namiji ne ko mace, ba na uku, kamar dai Hausa. Sai dai ba kullum muke dacewa ba: littafi namiji ne a wajenmu, kitab mace ce a wajensu. Duniya kuwa mace ce a duka biyun, kuma da sunanta guda. Ranar da muka gano haka karatu ya watse. Ya ɗauko takarda muka shiga farauta: qalam da alƙalami, khabar da labari, waqt da lokaci, sabun da sabulu, hukm da hukunci, hisab da lissafi, shaitan da shaiɗan. Larabci ya bi ta Farisa ya sauka wajensu, ya ratso Sahara ya sauka wajenmu. A nan ya faɗa mini cewa yawancin kalmomin soyayya da kuka da na haddace a fim sun fi kusa da Urdu, kuma a bakin mutanen kasuwa Hindi da Urdu harshe guda ne. Sai an zo rubutu da manyan kalmomi ake raba gari, Hindi ya nufi Sanskrit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, Urdu ya nufi Farisanci da Larabci.

Tun daga lokacin na daina ce masa Uncle kamar yadda 'yan haya ke yi. Na ce masa a garinmu Malam ake cewa, ya ce ya karɓa. Taɓa ƙafa kuwa na gaya masa gaskiya ba zan iya ba. Na nuna masa yadda muke tsugunawa mu gai da manya, ya ce wannan ma ya fi wahalar da gwiwa, ya isa. Matarsa na kira ta Inna, ita kuma tana ce mini beta, wato ɗana.

Labarin rayuwarsa ban same shi a zama ɗaya ba, a gutsure na riƙa tsintarsa tsakanin shayi da shayi. An haife shi a wani ƙauye a gabashin jihar Uttar Pradesh, ɗan manomi mai 'yar gona da bashi. Abin da ya fara girgiza ni shi ne da ya ce Hindin da ya koyar shekara kusan arba'in ba shi ya sha a nono ba. Harshen uwarsa Bhojpuri ne, Hindin littafi a makaranta ya koye shi, har da bulala. Ƙidayar 2011 ta ce sama da mutum miliyan 520 ne ke da Hindi a matsayin harshen uwa, kusan kashi 44 cikin ɗari na ƙasar, amma a cikin wannan lissafi an zuba masu Bhojpuri da Magahi da Rajasthani da wasu da dama. Yakan ce an ƙirga uwarsa a cikin masu harshen da ba ta taɓa yin mafarki da shi ba.

Mahaifinsa ya so ya zama ɗan sanda ko akawun kotu. Shi kuwa ya tafi Jami'ar Hindu ta Banaras, wadda Madan Mohan Malaviya ya kafa a 1916, ya zaɓi adabin Hindi, fannin da a lokacin ma ake ce wa na waɗanda suka rasa gurbi a wani wuri. Duk wanda ya karanta Hausa a jami'a a ƙasarmu ya san irin kallon da ake nufi. A can ya yi digiri na farko da na biyu, yana koyar da 'ya'yan masu kuɗi da yamma don ya ci abinci.

Idan Malam na ba da labarin karatunsa, ba ya farawa da kansa. Da malaman malamansa yake farawa, kamar yadda malaman zaure ke jero silsila kafin su ba da ijaza. Na farko Ramchandra Shukla, wanda ya rasu a 1941. Shi ya rubuta tarihin adabin Hindi da ya fito a 1929, wanda asalinsa gabatarwa ce ga wani babban ƙamus da ƙungiyar Nagari Pracharini Sabha ta Banaras ke haɗawa. Ya kasa adabin gida huɗu: zamanin waƙoƙin jarumta, zamanin waƙoƙin bege da bauta, zamanin waƙoƙin fada masu ado da ƙa'ida, sai zamanin zube. Har yau da wannan kaso ake cin jarrabawa. A wajen Shukla gwanin gwanaye shi ne Tulsidas, wanda ya waƙe labarin Ram da harshen Awadhi.

Sai Hazari Prasad Dwivedi, wanda ya yi kusan shekara ashirin yana koyarwa a Santiniketan, makarantar shahararren mawaƙin nan Rabindranath Tagore, kafin ya dawo Banaras a 1950 ya shugabanci sashen Hindi. Shi ne ya ɗauko Kabir daga gefen tabarma ya zaunar da shi a tsakiya da littafinsa na 1942. Kabir masaƙi ne na ƙarni na 15, ya tashi a gidan Musulmi masaƙa a Banaras, bai yi karatun manya ba, kuma bakinsa bai bar limamin Hindu ba, bai bar malamin Musulmi ba. Ba zan ɓoye ba, akwai baitocinsa da na ji sun yi mini nauyi a matsayina na Musulmi, na kuma faɗa wa Malam haka. Ya ce shi ma akwai waɗanda suka hana shi barci a matsayinsa na Bahinde, kuma da Kabir zai ji mu da ya ji daɗi.

Na uku shi ne malaminsa na kai tsaye, Namvar Singh. A kan wannan mutum Malam ba ya gajiya. An haife shi a 1926 a ƙauyen Jiyanpur, kusa da Banaras, ya yi karatu a hannun Dwivedi, ya fara koyarwa a jami'ar tun yana matashi. A 1959 ya tsaya takarar majalisar tarayya a ƙarƙashin jam'iyyar kwaminis, ya faɗi zaɓe, aikin jami'a ma ya kuɓuce masa. Ya ɗan taɓa koyarwa a Sagar, daga nan ya shafe shekaru ba shi da tsayayyen aiki, sai karatu da rubutu. Ya koma Delhi a 1965 yana aikin jarida, ya karɓi editan mujallar Alochana a 1967, ya fitar da littafinsa kan sababbin ma'aunan waƙa a 1968, wanda ya samo masa lambar Sahitya Akademi, cibiyar adabi ta ƙasar Indiya, a 1971. Bayan 'yan shekaru a Jodhpur, a 1974 aka kira shi Jami'ar Jawaharlal Nehru da ke Delhi, inda ya kafa cibiyar harsunan Indiya, Hindi da Urdu a ƙarƙashin rufi ɗaya. A 1982 ya rubuta littafi a kan malaminsa Dwivedi, wanda ma'anar sunansa ita ce neman tafarki na biyu: wato bayan babbar hanyar da Shukla ya shata, akwai wata ta masaƙa da 'yan ƙasa-ƙasa da masu tawaye.

Jin labarin wannan cibiya ne ya sa Malam ya haɗa akwatin ƙarfe ya hau jirgin ƙasa zuwa Delhi a tsakiyar shekarun 1970, daidai lokacin da Indira Gandhi ta ƙaƙaba dokar ta-ɓaci. A can ya koyi rubutun Urdu, a can ya yi digirin digirgir a kan Malik Muhammad Jayasi, wani sufi Musulmi da ya rubuta doguwar waƙar Padmavat a 1540 da harshen Awadhi. Masu kallon fim sun san sunan saboda rigimar da aka yi a 2018 a kan fim ɗin da aka shirya daga labarin, amma kaɗan ne suka san waƙar wani malamin ɗariƙa ce, kuma tsofaffin kwafe-kwafenta da yawa da baƙaƙen Farisanci aka rubuta su. Na ce masa ai wannan ajami ne. Na zaro takardar naira 500 daga jakata na miƙa masa. Ya kai ta kusa da fitila, ya bi baƙaƙen a hankali, ya haɗo "naira ɗari biyar" da kyar, ya ɗago yana dariya kamar yaron da ya tsinci kuɗi. Na ba shi labarin yadda Turawa suka zaɓa mana boko, da yadda aka cire ajami daga ƙananan takardun kuɗinmu a 2007. Ya ce su ma sun yi tasu rigimar baƙaƙen, sai a 1900 aka yarda a shigar da takarda da Devanagari a kotunan yankinsu, kuma har yau raunin bai gama warkewa ba.

Bai ɓoye mini laifin malamin nasa ba. Ya ce an daɗe ana sukar Namvar Singh da cewa a rabin rayuwarsa na ƙarshe ya fi magana a kan rubutu, yau yana wannan taro gobe yana wancan, kuma in ya yabi marubuci ya tashi, in ya yi shiru a kansa ya kwanta. Malam na ganin wannan iko ya yi wa mutum ɗaya yawa. Amma ya ce bai taɓa ganin wanda ya iya shiga aji kamarsa ba, kuma abin da ya gada a wajensa shi ne kada ka tarki littafin da ba ka karanta sau biyu ba.

Nasa aikin bai yi wannan tashe ba, kuma shi ya fara faɗa. Shekara shida ya yi yana koyarwa a matsayin malamin wucin gadi, ana sabunta masa takarda duk bayan 'yan watanni, in an tafi dogon hutu babu albashi. A haka ya yi aure, a haka aka haifi 'yarsa ta fari. Daga baya ya samu kujera ta dindindin a wata kwaleji, ya hau matakan ɗaya bayan ɗaya, farfesa kuwa sai da furfura ta gama cin kansa. Ya yi ritaya yana da shekara 65, shekara guda kafin in ƙwanƙwasa ƙofarsa. Ya rubuta littattafan tarke huɗu da kundin waƙoƙi ɗaya. Kundin kwafi 500 aka buga, ya ce in duba ƙarƙashin gadon da nake kwana, zan ga inda fiye da rabinsu suka yi ritaya. Na duba, suna nan a ɗaure da igiya. Ya taɓa tsintar kwafi guda a kasuwar tsofaffin littattafai ta ranar Lahadi a Daryaganj, da sa hannunsa a ciki, wanda ya ba wani aboki kyauta. Ya saye shi rupi goma ya sake aika wa abokin ta gidan waya.

Sai kuma mujallar. Shekara tara yana fitar da wata 'yar mujallar adabi, sau huɗu a shekara in an samu kuɗi, sau biyu in ba a samu ba. Shi ne edita, shi ne mai gyaran kuskure, shi ne mai manna kan sarki. Wannan ɓangaren Inna ce ta fi iya ba da shi, domin awarwaronta biyu na zinare ne suka tafi wajen mai maɗaba'a ba su dawo ba. Takan faɗa tana murmushi, amma ba ta taɓa faɗa ba tare da ta shafa wuyan hannunta ba. Abin da Malam ke taƙama da shi shi ne akwai marubuta uku da a yau ake karanta su a jami'o'i waɗanda a shafukansa aka fara ganin sunansu. 'Ya'yansa biyu kuwa, ɗaya injiniya a Bengaluru, ɗaya a Amurka, babu wanda ya taɓa karanta littafinsa har ƙarshe. Jikokinsa da Turanci suke gaishe shi a waya.

Bayan wata bakwai na fara haɗa jimla, sai ya ce lokacin Premchand ya yi. Wannan shi ne marubucin da kowane ɗan makaranta a arewacin Indiya ya sani. An haife shi a 1880 a ƙauyen Lamhi kusa da Banaras, ya fara rubutu da Urdu, Turawa suka ƙwace kundin labaransa na farko saboda sun ce yana zuga mutane, ya ajiye aikin gwamnati a 1921 da kiran Gandhi, ya rasu a 1936, shekarar da Godan ya fito, labarin manomin da ya mutu yana burin mallakar saniya guda. Ya ma taɓa zuwa Bombay a 1934 don rubuta labarin fim, bai cika shekara ba ya tattaro ya dawo. Malam ya ji daɗin gaya mini wannan, ya san inda yake soka.

Labarin da ya fara sa ni karantawa shi ne Idgah, wato filin idi, kuma ya jira sai da azumin 2017 ya zo ƙarshe. Duk watan nan Inna, wadda ba ta azuminmu, takan ajiye mini burodinsu mai mai da kindirmo a bakin matakala kafin asuba. Ranar sallah na dawo daga masallaci, kewar gida ta cika ni, ya ce in zauna in karanta da ƙarfi. Labarin wani maraya ne, Hamid, ɗan shekara huɗu zuwa biyar, yana hannun kakarsa Amina. Kuɗin sallarsa kwabo uku ne kacal. Abokansa suka hau lilo, suka sayi 'yan tsana na yumɓu da alewa, shi yana kallo yana haɗiye yawu. A ƙarshe ya tsaya wajen mai kayan ƙarfe ya yi ciniki ya sayi chimta, ƙarfen da ake ɗauko burodi da shi daga kan wuta, saboda kullum kakarsa na ƙona yatsu. Na yi ta tuntuɓe da kalmomi har na kai inda yaron ya miƙa wa tsohuwar, daga nan murya ta ƙi fita. Kakata ce ta riƙe ni, mai tuyar waina ce a ƙofar gida, kuma na san tabon da ke yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin ina kallon Indiyawa suna kuka a talabijin, ban taɓa sanin suna da irin wannan talaucin mai kama da namu ba. Daga baya muka karanta Kafan, likkafani ke nan, inda uba da ɗa suka shanye kuɗin da aka tara musu na suturar gawa. Wannan kam ba a yin waƙa da rawa a kansa.

Wata rana ya jefo mini tambayar da ta tsaya mini a wuya: "Ku wane ne Premchand ɗinku?" Na yi shiru. Na iya lissafa jaruman fim hamsin da sunayen matansu, amma littafin Hausa na ƙarshe da na karanta tun ina aji uku na sakandare ne. Don in fita kunya na kama ba shi labarin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, yadda wani aku ke ta zuba wa ɗan sarki labarai don ya hana shi fita daga gida. Ban rufe baki ba ya miƙe, ya hau kujera da tsufansa, ya sauko da wani littafi mai ƙura. Shukasaptati, labarai saba'in na aku, da Sanskrit aka fara rubuta shi. A ciki aku ne ke riƙe matar wani ɗan kasuwa da labari kowane dare don kada ta fita wajen kwarto mijinta na tafiya. An mayar da shi Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tutinama. Akun Imam dai ya yi doguwar tafiya kafin ya sauka Zariya. Kawuna na ganin silima ce ta fara haɗa mu da Indiya, ashe aku ya riga ta.

Daren nan na kira ƙanwata na ce ta je kasuwa ta sayo mini duk abin da ta samu. Wani ɗalibi da ke dawowa daga hutu ya taho mini da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da Jiki Magayi, waɗanda suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, shekaru kaɗan kafin Godan. Sai karatun ya juye. Ni ke fassara masa da gurguwar Hindina, shi yana tambaya. Me ya sa Alhaji Imam ke yawan ƙarya kuma ake son sa? Uwar Shaihu Umar, me ya sa marubucin ya bar ta ta sha wannan wahala? Tambayoyin da ban taɓa yi wa kaina ba. Bai yarda da ni ba da na raina littattafan soyayya na matan Kano. Ya tambaye ni nawa na karanta. Na ce ko ɗaya. Ya ce to in rufe bakina sai na karanta sau biyu.

Na so in ga Namvar Singh da idona, Malam ma ya yi alkawarin kai ni, amma jikin tsohon ya riga ya yi rauni. Ranar 19 ga Fabrairu na 2019 ya rasu a wani asibiti a Delhi yana da shekara 92. Washegari Malam ya sa fararen kaya ya fita tun da safe, bai dawo ba sai yamma. Ban yi tsammanin za a yi karatu ba, amma da la'asar ta yi na ji yana buga sandarsa a ƙarfen matakala kamar kullum. Mun zauna minti arba'in ɗinmu cif. Ya gyara mini jinsin kalma biyu, bai ce komai a kan inda ya je ba.

Na dawo gida a ƙarshen wannan shekarar. Aikin kwamfuta nake yi, shi ke ciyar da iyalina. Malam na nan da ransa, idonsa ya yi rauni, Inna ce ke danna masa waya yana aiko mini da saƙon murya. A 2022, da littafin Geetanjali Shree ya zama na farko daga Hindi da ya ci babbar lambar Booker ta ƙasa da ƙasa, ya aiko mini da saƙo na minti goma sha ɗaya, rabi murna, rabi faɗa, wai sai da aka mayar da shi Turanci sannan 'yan ƙasarsa suka san da shi.

Shekara biyu ke nan ina fama da mayar da Idgah Hausa, labarin da bai wuce 'yan shafuka ba. Komai ya zauna, lilo ya zauna, 'yan tsana sun zauna, kwabo uku ya zauna, sai chimta. Na sa awartaki, amma awartaki na maƙera ne, ba mace da ke shiga da shi madafa. Na sa hantsaki, ya yi ƙanƙanta. Na yi tunanin in mayar da shi dogon cokalin juya waina, Malam ya ce in na taɓa ƙarfen nan kada in ƙara kiran sa, domin a labarin yaron na saɓa shi a kafaɗa kamar bindiga yana yi wa abokansa burga, kuma cokali ba ya wannan aiki. Makon jiya na je Jakara wajen masu gurasa, na tsuguna kusa da wata dattijuwa na tambaye ta da me take ciro gurasa daga tanderu. Ta dube ni kamar na zare, ta ɗago mini hannunta.